Sondin zafin ruwan inji: yadda ake gane ko shi ne ya lalace, ko waya ce, ko wani abu dabam

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40 a Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram, motar da fankarta ta ƙi tashi cikin cunkoso tana iya ƙona juwan kilas cikin ƴan mintoci. Da hunturu kuma akan ga wata motar da ke wahalar tashi da safe, idan ta tashi ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi tana shan esansi fiye da kima. Matsalolin biyu ba su yi kama ba, amma suna iya fitowa daga wuri guda: ɗan ƙaramin ƙarfen da ke auna zafin ruwan inji, wanda makanikai ke kira sondi ko kaptar, da wayoyin da suka haɗa shi da kwamfutar mota.

A garaji da yawa, da zarar na'urar bincike ta ambaci sunan sondi sai a sayi sabo a ɗaura. Wani lokaci a dace, wani lokaci kuma matsalar ta dawo bayan kwana biyu, saboda laifin yana cikin waya ko mahaɗi. Lambar da na'ura ke bayarwa tana nuna hanyar lantarkin ce gaba ɗaya, tun daga sondi har zuwa kwamfuta, kuma sai an bi ta gaɓa-gaɓa kafin a san inda ta samu matsala.

Mene ne sondi, kuma ina yake

Sondi ɗan guntun ƙarfe ne ko roba, bai wuce tsawon yatsa ba, ana ɗaure shi yadda bakinsa zai nutse cikin ruwan inji. Galibi yana kan kilas, wato kan inji, ko a jikin gidan kalorsta, kusa da inda babban tiyon sama ke fita zuwa radiyatar. A cikinsa akwai wani ɗan abu mai tare wutar lantarki, wanda ƙarfin tarewarsa ke raguwa yayin da zafi ke ƙaruwa. Wannan tarewa ita ake kira turjiya, ana auna ta da om. Ruwa mai sanyi yana ba da turjiya mai yawa, ruwa mai zafi yana ba da kaɗan.

Ba kowace mota ke da sondi ɗaya ba. Tsofaffin motoci masu karbiratar, irin su Peugeot 504, da masu gazuwal na tsohon famfo, irin su Land Cruiser mai inji 1HZ, ba su da kwamfutar da ke sarrafa mai. Sondin da ke jikinsu allurar tablo yake wa aiki. Motocin shekarun 1990 da farkon 2000 sukan zo da biyu ko uku: ɗaya na kwamfuta, mai waya biyu, ɗaya na allura, sau da yawa mai waya ɗaya, wani lokaci da na uku na fanka. A Peugeot da Citroën da dama na wancan zamani ana gane su da launi: kore na kwamfuta, shuɗi na allura, ruwan ƙasa na fanka. Volkswagen kuwa ta haɗa biyu cikin jiki guda mai waya huɗu. A sababbin motoci sondi ɗaya ne ke ba kwamfuta labari, ita kuma ta aika wa tablo.

Sanin wannan yana da amfani tun daga farko. Idan mota tana da sondi biyu, allura na iya nuna komai lafiya alhali kwamfuta tana karɓar ƙarya, haka kuma allura na iya mutuwa ba tare da inji ya ji komai ba.

Yadda yake aiki da kwamfuta

Kwamfutar mota, wadda ake kira kalkilatar, tana tura wuta wolt 5 zuwa sondi ta waya ɗaya, bayan ta bi da ita ta wata turjiya da ke cikinta. Waya ta biyu tana komawa mas, wato ƙasan lantarki, ta cikin kalkilatar ɗin. Abin da kalkilatar ke kallo shi ne yawan wolt da ya rage a kan waya ta farko. Idan inji yana da sanyi, turjiyar sondi tana da yawa, wolt ɗin yakan tsaya tsakanin 2 da 3,5 gwargwadon irin mota. Idan inji ya yi zafin aikinsa, wolt ɗin yakan sauka ƙasa da 1. A takardun Toyota ana kiran waɗannan wayoyi biyu THW da E2.

Da wannan labari kalkilatar ke yanke shawarwari da dama. Tana ƙara esansi idan inji yana da sanyi, aikin da ake yi da hannu a motocin da, ta rage shi idan ya ɗumama. Tana ɗaga ralanti da safe, tana gyara lokacin tartsatsin buji, tana kunna fanka idan ruwa ya kai wajen digiri 95 zuwa 100 a motoci da yawa, tana kuma iya kashe kilim idan zafi ya yi yawa. A injin gazuwal na zamani, da shi take sanin tsawon lokacin da bujin ɗumamawa za su yi suna aiki. A mota mai bites otomatik ma yana da tasiri kan lokacin canjin bites.

Alamomin da ake gani

Idan kalkilatar ta ɗauka inji yana da sanyi alhali yana da zafi, takan ci gaba da zuba esansi da yawa. Sai a ga baƙin hayaƙi, warin ɗanyen mai a bututun hayaƙi, buji sun yi baƙi, ralanti ya ƙi sauka, mota ta ƙi tashi bayan an tsaya da ita tana da zafi. Mafi haɗari, fanka na iya jinkiri ko ta ƙi tashi sam.

Idan kuma ta ɗauka inji yana da zafi alhali yana da sanyi, ba ta ba shi ƙarin man da yake bukata da safe. Mota ta yi ta juyi kafin ta tashi, ta tashi ta mutu, ta riƙa shaƙewa har sai ta ɗumama. Fanka kuma na iya tashi tun inji bai yi zafi ba.

Idan hanyar ta yanke ɗungurungum, kalkilatar takan gane, ta kunna fitilar inji a tablo, ta ajiye labarin sondi gefe ta yi aiki da wani adadi da aka rubuta mata tun daga masana'anta. A Toyota da yawa wannan adadi digiri 80 ne. Motoci da dama kuma suna sakin fanka ta yi ta gudu ba tsayawa don kare inji. Fankar da ke tashi da ƙarfi da zarar an buɗe kontak da safe alama ce da ta kamata a duba wannan hanya.

Lambobin da na'ura ke bayarwa

Motocin da aka sayar a Amurka tun 1996, da masu esansi na Turai tun 2001, da masu gazuwal na Turai tun 2004, suna da mahaɗin bincike mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Yawancin motocin da aka shigo da su Nijar ta tashoshin jiragen ruwan Kwatano da Lome a ƴan shekarun nan suna cikin wannan rukuni. A nan ake jona na'urar da makanikai ke kira walis, ko ƴar ƙaramar na'ura irin ELM327 da ke aika bayani zuwa wayar salula.

Lambobin da suka shafi wannan hanya su ne:

P0115: matsala a hanyar lantarkin sondi, ba tare da fayyace irinta ba.
P0116: adadin da sondi ke bayarwa bai dace da halin da inji ke ciki ba.
P0117: wolt ya yi ƙasa ƙwarai, yawanci waya ta taɓa mas ko sondi ya haɗe daga ciki.
P0118: wolt ya yi sama ƙwarai, yawanci waya ta katse, mahaɗi ya fita, ko sondi ya yanke daga ciki.
P0119: labarin yana zuwa yana ɗaukewa.
P0125 da P0128: inji bai kai zafin da ya kamata ba cikin lokacin da aka ƙayyade. P0128 kalorsta ya fi nunawa, ba sondi ba.

Kafin a goge lamba, a rubuta ta tare da bayanan da kalkilatar ta adana na lokacin da matsalar ta faru, kamar gudun inji da zafin da ta gani.

Abin da ake dubawa kafin awo

Ba a buɗe murfin radiyatar ko cire sondi inji yana da zafi. Ruwan yana cikin matsi, zafinsa na iya wuce digiri 100 ba tare da ya tafasa ba, kuma da an saki matsin yake fesowa. Fankar lantarki ma tana iya tashi da kanta ko an kashe kontak, don haka a nisanta hannu da hannun riga daga gare ta.

Da inji ya huce, abu na farko shi ne yawan ruwa. Sondin da bakinsa ba ya cikin ruwa ba zai faɗi gaskiya ba ko da sabo ne. Sannan a cire mahaɗin, wanda ake kira fish, a duba cikinsa: koren tsatsa, laima, ƙura da ta cakuɗe da mai, haƙoran da suka lanƙwashe ko suka saki, makullin roba da ya karye. Idan akwai ruwan inji a cikin mahaɗin, sondi ne ke yoyo ta jikinsa, kuma canji ya wajaba. A bi wayoyin da ido da hannu, musamman inda suka ratsa kusa da bututun hayaƙi, inda suke gogar ƙarfe, da inda aka taɓa yankewa aka murɗa aka naɗe da salatif. Zafi da girgizar hanyoyin da ba kwalta suna busar da rigar waya har ta tsattsage, ɓeraye ma suna cin ta a motar da ta daɗe a ajiye.

Gwaji da walis

Gwajin da ya fi sauƙi ana yin sa ne da safe, bayan mota ta kwana ba a tayar da ita ba. A buɗe kontak ba tare da tayar da inji ba, a karanta zafin ruwa da zafin iskar da ke shiga inji. Tunda komai ya huce tare, adadin biyu ya kamata su yi kusa da juna da kuma zafin gari, bambancin bai wuce digiri 2 zuwa 3 ba. Idan gari yana digiri 28, iska ta nuna 29, ruwa ya nuna 5 ko 60, akwai matsala a hanyar.

Adadi biyu suna da ma'ana ta musamman. Digiri 40 ƙasa da sifili yana nufin hanya ta yanke. Digiri 130, 140 ko fiye a inji mai sanyi yana nufin waya ta taɓa mas. Wasu motocin ba sa nuna waɗannan, sai dai adadin madadin da ba ya motsi. Adadin da ya kafe wuri ɗaya tare da lamba P0117 ko P0118 shi ma shaida ne.

Daga nan a tayar da inji a zuba wa adadin ido. Ya kamata ya riƙa hawa a hankali ba tsalle, ya ɗan tsaya ko ya ɗan sauka lokacin da kalorsta ya buɗe, a motoci da yawa tsakanin digiri 80 da 90, sannan ya hau har fanka ta tashi ta dawo da shi. Yayin da ake kallo, a girgiza mahaɗin da wayoyin da hannu. Idan adadin ya yi tsalle daga 85 zuwa 20 ya dawo, an samu wurin da waya ta karye daga ciki ko haƙorin da ya saki.

Raba laifin sondi da na waya

Ga sondi mai waya biyu akwai gwaji mai matakai uku da ke raba gardama. Da kontak a buɗe, a cire mahaɗin: walis ya kamata ta nuna digiri 40 ƙasa da sifili. Idan ta ci gaba da nuna zafi mai yawa alhali sondi ba ya haɗe, to wayar labari ta taɓa mas a wani wuri tsakanin mahaɗi da kalkilatar, kuma sabon sondi ba zai gyara komai ba.

Mataki na biyu, a haɗa ramukan mahaɗin biyu da ɗan guntun waya siriri. Walis ya kamata ta koma can sama, digiri 140 ko kusa da haka. Idan ta yi hakan, wayoyin biyu da kalkilatar suna isar da saƙo, zargi ya koma kan sondi ko kan haɗuwar haƙoransa da mahaɗi.

Mataki na uku ana yin sa ne idan adadin ya ƙi motsawa. A haɗa ramin wayar labari kai tsaye da jikin inji. Idan yanzu ya hau sama, wayar mas ce ta katse. Idan har yanzu bai motsa ba, wayar labari ce ta katse, ko kuma, a lokuta ƙalilan, kalkilatar ce. Ba a yanke wa kalkilatar hukunci sai an auna wayoyin biyu daga wannan kai zuwa wancan, an kuma tabbatar da wutarta da mas ɗinta.

Wannan haɗi ba ya cutar da kalkilatar, saboda turjiyar da ke cikinta tana taƙaita wutar. Amma a mahaɗi mai waya uku ko huɗu ba a yin sa sai da taswirar wayoyin motar a hannu. Kuma ba a kai wutar batiri ta wolt 12 kan wayar labari, ko da ta fitilar gwaji ce.

Wanda ba shi da walis yana iya yin kusan duk wannan da miltimetir. Da kontak a buɗe, mahaɗi a cire, tsakanin ramukan biyu ya kamata a sami kusan wolt 5. Idan babu, a auna daga ramin labari zuwa jikin inji: samun wolt 5 a nan yana nuna wayar mas ce ta katse, rashinsa yana nuna wayar labari ko kalkilatar.

Auna sondin kansa

Ana auna turjiyar sondi da mahaɗi a cire, tsinkayen miltimetir a kan haƙoransa biyu. Sondin da ke kan yawancin motocin Toyota da na Turai masu kayan Bosch yana ba da adadi kusa da waɗannan:

digiri 20: om 2.500
digiri 40: om 1.200
digiri 60: om 600
digiri 80: om 320
digiri 100: om 190

Waɗannan adadi ba na kowa ba ne. Sondin General Motors yana ba da wajen om 3.500 a digiri 20, na Ford da yawa kuwa wajen om 37.000. Shi ya sa sondin da ya shiga rami daidai, mahaɗinsa ma ya dace, zai iya zama ba na motar ba, kuma kalkilatar za ta yi ta karanta zafin da ba shi ne ba.

Awo ɗaya a sanyi bai isa ba, domin wani sondin yana daidai da safe amma yana yankewa idan ya yi zafi. A cire shi a rataye bakinsa cikin tukunyar ruwa, kada ya taɓa gindin tukunya, kada kuma haƙoransa su jiƙe, a sa ma'aunin zafi a gefe, a riƙa ɗumama ruwan. Turjiyar ta riƙa sauka a hankali ba yankewa. A garuruwan kudancin Nijar ruwa yana tafasa a wajen digiri 98 zuwa 99, don haka tafasasshen ruwa ya zama ma'auni ko babu ma'aunin zafi: sondi irin na jerin da ke sama zai nuna kusan om 190 zuwa 200.

Matsalar da ba ta kunna fitila

Laifin da ya fi ɓarna shi ne wanda kalkilatar ba ta ganewa. Tsatsa a mahaɗi ko waya da aka murɗa da hannu tana ƙara turjiya a hanya, kuma kalkilatar ba ta iya raba turjiyar tsatsa da ta sondi. A ɗauka tsatsar ta ƙara om 200. Da safe, om 200 a kan 2.500 ba ya canja adadi sai da wajen digiri 2, gwajin safe ya wuce lafiya. Amma a digiri 90 sondi yana ba da wajen om 240. Idan aka haɗa da 200 ya zama 440, wanda kalkilatar ke karantawa kamar digiri 70. Ko ruwa ya kai 100, abin da take gani bai kai 80 ba. Fanka ba za ta tashi ba, fitila ba za ta kama ba, kuma idan allura daga kalkilatar take karɓar labari, direba ma ba zai ga komai ba sai tururi.

Ana kama wannan ne ta hanyar kwatanta adadin walis da ainihin zafin gidan kalorsta, wanda ake aunawa da ma'aunin zafi mai haske da ake nunawa daga nesa, inji yana da zafi. Bambanci na digiri 10 ko fiye yana bukatar bincike. Sai a auna turjiyar kowace waya daga mahaɗi zuwa kalkilatar, batiri a cire. Waya mai lafiya ba ta kai om 1 ba.

Abubuwan da ke kama da lalacewar sondi

Cire kalorsta al'ada ce da ta yaɗu a garajin ƙasashe masu zafi, bisa tunanin cewa mota ba ta bukatarsa a nan. Injin da ba shi da kalorsta yakan daɗe bai ɗumama ba, kuma a doguwar hanya, kamar daga Dosso zuwa Ƙonni da asubahin hunturu, yana iya tafiya ƙasa da zafin aikinsa. Sondi yana faɗin gaskiya, kalkilatar tana ƙara mai, P0128 ko P0125 ta fito. Maganin shi ne mayar da kalorsta. Haɗa fanka kai tsaye da kontak ma yana haifar da irin wannan, yana kuma ɓoye ainihin laifin da ya hana ta tashi.

Iskar da ta maƙale a hanyar ruwa bayan an canja tiyo ko radiyatar tana sa adadi ya riƙa hawa da sauka. Ruwan rijiya ko na famfo da ake zubawa maimakon ruwan sanyaya inji yana barin farin gishiri da tsatsa a bakin sondi, ya sa shi jinkirin jin zafi, ya kuma toshe radiyatar. Fankar da ta ƙi tashi alhali walis tana nuna digiri 100 ko fiye ba laifin sondi ba ne. Fizibil, rele ko motar fankar za a duba. Idan kuma ruwa yana raguwa ba a ganin yoyo, yana kumfa a radiyatar, to zancen juwan kilas ne.

Canji da tabbatarwa

Ana sayen sondi da lambar kayan ko lambar shasin mota, a kuma auna sabon da miltimetir kafin a ɗaura, a ga turjiyarsa ta dace da zafin gari. Ana canja shi inji yana da sanyi, da sabon wanki ko zoben roba. Ba a matse shi da ƙarfi, domin jikinsa tagulla ce ko roba, gidan kalorsta kuma alminiyam ne ko roba. Sondin allura mai waya ɗaya ta haƙoran ɗaurinsa yake samun mas, don haka naɗe su da farin zaren famfo yana iya hana shi aiki. Mahaɗin da ya ci tsatsa canja shi ake yi, a haɗa wayoyin da dalma a rufe da kyau.

Bayan haka a cika ruwa, a fitar da iska ta hanyar da aka tanada wa motar, a goge lambobin, a tayar da inji a bar shi har fanka ta tashi ta tsaya sau biyu ana kallon walis. Washegari da safe a sake kwatanta zafin ruwa da na iska kafin a tayar, a kuma duba ko ruwan ya ragu.